Waiwaye Adon Tafiya: Gidan Lauyoyin Sullivan Da Cromwell

Idan aka ambaci lauya, abin da kan zo wa yawancin jama'a a zuci shi ne wani mutum sanye da baƙar riga da farar hular gashi, tsaye gaban alƙali yana zuba Turanci domin ya kuɓutar da wanda ake tuhuma. Amma akwai wasu irin lauyoyi waɗanda sukan yi shekara da shekaru ba su taka ƙofar kotu ba. Aikinsu a kan tebur yake, kayan aikinsu takarda da alƙalami, waɗanda suke yi wa hidima kuwa bankuna ne da manyan kamfanoni da gwamnatoci. A wannan mako filin zai waiwayi tarihin ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje, watau Sullivan da Cromwell na birnin New York a ƙasar Amurka, domin a cikin tarihin nasa akwai abin lura ga kowace ƙasa da ke sa hannu a kan yarjejeniya da baƙi.

Babban ofishin gidan yana lamba 125 a titin Broad, kusa da titin Wall inda manyan masu hada-hadar kuɗi na Amurka suka yi sansani. Yana da lauyoyi kusan 1,000, da rassa a Landan da Paris da Frankfurt da Tokyo da Hong Kong da Beijing da Sydney da wasu biranen. Lauyoyin kashi biyu ne. Akwai manya, waɗanda su ne masu gidan, su ke raba riba a ƙarshen shekara. Akwai kuma ƙanana masu cin albashi, waɗanda kan shafe shekaru suna kwana kan takardu da fatan wata rana a jawo su cikin manyan. Ladan aikinsu da awa ake lissafa shi, kamar hayar mota.

ASALIN GIDAN

An kafa gidan cikin shekarar 1879. Babban cikin mutum biyun da suka kafa shi, Algernon Sydney Sullivan, dattijo ne mai shekara 53 wanda ya yi suna wajen iya magana da mutunci. Ƙaramin kuwa, William Nelson Cromwell, shekararsa 25 kacal. Maraya ne, mahaifinsa ya rasu a yaƙin basasar Amurka, shi kuma ya fara ne da aikin lissafin kuɗi a ofishin Sullivan. Da dattijon ya ga hazaƙarsa, sai ya ƙarfafa masa gwiwa ya karanta aikin lauya a Jami'ar Columbia, ya gama cikin 1876. Sullivan ya rasu cikin 1887, ragamar gidan ta koma hannun Cromwell.

Sanin lissafin nan shi ya bambanta Cromwell da sauran lauyoyin zamaninsa. Idan kamfani ya tasam ma karyewa, sai ya tara masu bin bashi, ya shawo kansu su yi haƙuri, ya sake tsara dukiyar har kamfanin ya farfaɗo. Saboda haka aka yi masa laƙabi da likitan titin Wall. Cikin 1901 gidan ya sa hannu wajen haɗa kamfanin ƙarafa na United States Steel, wanda jarinsa ya kai Dala miliyan 1,400, abin da ba a taɓa gani ba a duniya kafin lokacin. Amma duk wannan somin taɓi ne. Aikin da ya sa sunan Cromwell ya shiga littattafan tarihi ya faru ne a wani siririn yanki na ƙasar Kolombiya mai suna Panama.

MASHIGIN PANAMA

Tun da daɗewa masu jiragen ruwa ke burin a haƙa mashigi wanda zai haɗa tekun Atlantika da tekun Pasifik, domin a huta da dogon zagayen da ake yi ta ƙarshen Kudancin Amurka. Ferdinand de Lesseps, Bafaranshen da ya jagoranci haƙa mashigin Suez a Masar, ya kama aikin a Panama cikin 1881. Zazzaɓin cizon sauro da shawara suka hallaka ma'aikata wajen 20,000, kuɗi suka ƙare, kamfanin ya karye cikin 1889. Sabon kamfanin da ya gaji ramukan da injunan da suka yi tsatsa ba shi da wani buri da ya wuce ya sami mai saye. Mai sayen da zai iya kuwa ɗaya ne tak, watau gwamnatin Amurka. Cikin 1896 sai Faransawan suka ɗauki Cromwell ya zama lauyansu.

Matsalar ita ce, hankalin Amurkawa ba ya kan Panama. Injiniyoyinsu da 'yan majalisarsu da jaridunsu duk sun karkata ga haƙa mashigin a ƙasar Nikaraguwa. In kuwa aka yi haka, kayan Faransawa sun zama na banza. Cromwell ya ɗaura ɗamara. Ya buɗe sashe na musamman mai aika wa jaridu labarai, ya riƙa sintiri tsakanin New York da Washington, ya nemi kusanci da Sanata Mark Hanna, jigon jam'iyyar Republican. A zaɓen 1900 ya ba jam'iyyar gudummawar Dala 60,000, ya kuma rubuta kuɗin cikin asusun Faransawan. A shekarar ce jam'iyyar ta cire sunan Nikaraguwa daga manufofinta, ta ce mashigi kawai take so, ko ina ya dace.

Duk da haka, cikin watan Janairu na 1902 Majalisar Wakilai ta zaɓi Nikaraguwa da ƙuri'a 308, masu adawa 2 kacal. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Amma Faransawan, waɗanda da suka yi wa kayansu kuɗi Dala miliyan 109, sai suka sauko zuwa miliyan 40. Cromwell ya tara wa Hanna hujjojin da zai karanta a gaban Majalisar Dattawa. Daɗin daɗawa, cikin watan Mayu wani dutse ya yi aman wuta a tsibirin Martinique ya hallaka mutum kusan 30,000. Wani injiniya Bafaranshe mai hannun jari a kamfanin, Philippe Bunau-Varilla, ya samo kan sarki na gidan wayar Nikaraguwa mai ɗauke da hoton dutse yana hayaƙi, ya aika wa kowane sanata ɗaya. Ran 19 ga watan Yuni, 1902, Majalisar Dattawa ta zaɓi Panama da ƙuri'a 42, masu adawa 34. Ƙuri'a takwas ke nan suka juya akalar aikin.

Saura mai ƙasa. Panama a lokacin lardi ce ta Kolombiya, Kolombiya kuwa tana ganin ya kamata a ba ta wani kaso daga miliyan 40 ɗin, tun da a kan ƙasarta ake cinikin. Wannan shi ne abin da Cromwell ya tsaya kai da fata ya hana, domin duk abin da aka ba Kolombiya daga aljihun iyayen gidansa zai fita. Yarjejeniyar da aka tsara ta toshe wannan ƙofa, Majalisar Dattawan Kolombiya kuwa ta yi watsi da ita cikin watan Agusta na 1903.

Abin da ya biyo baya shi ne masana tarihi suka daɗe suna muhawara a kansa. Akwai layin dogo wanda ya ratsa Panama daga wannan teku zuwa wancan, mallakar kamfanin Faransawan ne, Cromwell kuwa shi ne lauyansa. Jagororin masu neman ɓallewa daga Kolombiya ma'aikatan wannan layin dogo ne, har da likitansa, Manuel Amador. Amador ya je New York ya gana da Cromwell. Da jakadan Kolombiya ya sami labari ya yi kashedi, sai Cromwell ya janye jiki ya tafi Paris, Bunau-Varilla ya ci gaba da hulɗa da masu tawayen. Ran 2 ga watan Nuwamba jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Nashville ya iso tashar Colon. Washegari sojojin Kolombiya suka sauka a tashar. Shugaban layin dogon ya ɗauki janar-janar ɗinsu cikin tarago na alfarma ya tura su birnin Panama, ya ce sojojin za su biyo baya. Jirgin sojojin bai tashi ba. Janar-janar ɗin suna isa aka kama su, aka yi shelar sabuwar ƙasa. Bayan kwana uku Amurka ta amince da ita.

Ran 18 ga watan Nuwamba, 1903, aka sa hannu a kan yarjejeniyar mashigin a Washington. Ta ba Amurka iko a kan yanki mai faɗin mil 10 har abada, a kan Dala miliyan 10 da kuma Dala 250,000 a kowace shekara. Wanda ya sa hannu a madadin Panama shi ne Bunau-Varilla, Bafaranshe. Wakilan Panama na ainihi suna cikin jirgin ƙasa a kan hanya, sai bayan 'yan awoyi suka iso suka tarar an gama. Faransawa suka karɓi miliyan 40 ɗinsu cif, Cromwell kuma ya zama lauyan sabuwar ƙasar kuma wakilin kuɗinta a New York. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai karatu zai so ya san yadda aka yi duniya ta ji wannan labari. Cromwell ne da kansa ya rubuta. Ya nemi Faransawan su biya shi ladan Dala 800,000, suka ce ya yi yawa, aka kai magana gaban masu sulhu. Domin ya tabbatar da cewa ya cancanci kuɗin, sai gidan ya rubuta dogon bayani yana ƙirga irin tasirin da ya yi a kan 'yan majalisa da manyan jami'an gwamnati. Masu sulhun suka zaftare ladan ƙwarai, takardar kuwa daga baya ta faɗa hannun 'yan jarida, aka baje ta gaban wani kwamitin Majalisar Wakilai cikin 1912. An buɗe mashigin cikin 1914. Cikin 1921 Amurka ta yarda ta biya Kolombiya Dala miliyan 25. Mutanen Panama kuwa ba su karɓi mashigin da ke tsakiyar ƙasarsu ba sai ran 31 ga watan Disamba, 1999. Takardar da aka sa wa hannu a yamma ɗaya ta ɗauki shekara 96 kafin a gama warware ta.

'YAN'UWA BIYU

Cikin 1911 wani saurayi mai suna John Foster Dulles ya nemi aiki a gidan. Kakansa, John W. Foster, tsohon Sakataren Harkokin Wajen Amurka ne, shi ya yi masa hanya wurin Cromwell. Saurayin ya halarci taron sulhu na Paris cikin 1919, inda aka ɗora wa Jamus biyan diyyar Yaƙin Duniya na Farko, sa'an nan ya dawo ya ƙware wajen tsara rancen da bankunan Amurka suka riƙa ba Jamus. Cikin 1926 ya zama shugaban gidan yana da shekara 38, a shekarar ce kuma ƙanensa Allen Dulles ya shigo. Da Hitler ya hau mulki cikin 1933, gidan ya ci gaba da harkokinsa a Jamus. Sai cikin 1935 sauran manyan lauyoyin suka taru suka matsa wa shugaban nasu lamba, aka rufe ofishin Berlin ba da son ransa ba.

Cromwell ya rasu cikin 1948 yana da shekara 94, ya bar yawancin dukiyarsa ga ayyukan alheri. Shekara biyar bayan haka, cikin 1953, Shugaba Eisenhower ya naɗa John Foster Dulles Sakataren Harkokin Waje, ya kuma naɗa Allen Dulles shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA. Wa yana riƙe da siyasar fili, ƙane yana riƙe da ta ɓoye, dukansu kuwa a gida ɗaya suka koyi sana'a.

AYABAR GWATEMALA

Cikin tsofaffin abokan hulɗar gidan akwai kamfanin ayaba na United Fruit, wanda ya fi kowa mallakar filaye a ƙasar Gwatemala, kuma yawancin filayen a bar su yake yi ba noma. Cikin 1952 zaɓaɓɓen shugaban ƙasar, Jacobo Arbenz, ya kafa dokar karɓe manyan filayen da ba a nomawa a raba wa talakawa, tare da biyan diyya. Diyyar kuwa za a lissafa ta ne bisa darajar da mai filin ya faɗa da bakinsa lokacin biyan haraji. A nan ne kamfanin ya faɗa ramin da ya haƙa, domin ya daɗe yana rage wa filayensa daraja a takardun haraji. A kan fili sama da eka 200,000, gwamnati ta yi tayin kimanin Dala 600,000. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta aika da takarda a madadin kamfanin tana neman kusan Dala miliyan 16.

Cikin watan Yuni na 1954 wasu 'yan tawaye da CIA ta horar ta kuma ba makamai suka shigo daga Honduras ƙarƙashin Kanar Castillo Armas. Ran 27 ga watan Arbenz ya yi murabus, sabuwar gwamnati ta mayar wa kamfanin filayensa. Daga 1960 zuwa 1996 ƙasar ta faɗa yaƙin basasa, wanda hukumar binciken gaskiya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 200,000 suka mutu ko suka ɓace a cikinsa.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. 'Yan'uwan biyu sun bar gidan lauyoyin kafin su hau waɗannan muƙamai, kuma juyin mulkin aikin gwamnatin Amurka ne. Masana da dama suna ganin tsoron kwaminisanci ne ya fi ayaba nauyi a zukatansu, tun da Arbenz yana da abokai 'yan kwaminis, ya kuma sayo makamai daga Chekoslovakiya. Hasali ma, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin gwamnatin Amurka ta kai United Fruit ƙara kotu bisa zargin kane-kane a kasuwa. Amma tambayar tana nan daram. Mutumin da ya shafe kusan shekara arba'in yana kallon duniya ta tagar manyan kamfanoni, ashe zai iya sauya ido ranar da ya shiga ofishin gwamnati?

GIDAN A WANNAN ZAMANI

Gidan bai gushe ba yana tsakiyar manyan al'amura. Lokacin da bankunan Amurka suka girgiza cikin 2008, shugabansa na lokacin, Rodgin Cohen, ya kasance mai ba da shawara ga da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa, har da bankin Lehman Brothers da ya durƙushe. Cikin 2016 gidan ya tsaya wa kamfanin motoci na Volkswagen, wanda ya amince da biyan Dala miliyan 14,700 a Amurka saboda maguɗin gwajin hayaƙin motocinsa. Ƙofar da ke tsakanin gidan da gwamnati ma ba ta rufu ba, domin ɗaya daga cikin manyan lauyoyinsa, Jay Clayton, ya shugabanci hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jarin Amurka daga 2017 zuwa 2020.

Cikin watan Nuwamba na 2022 kamfanin kuɗin intanet na FTX ya karye, aka ɗauki gidan ya jagoranci aikin tattara dukiyar da ta rage, manyan lauyoyinsa suna cajin sama da Dala 2,000 a kowace awa. Wasu masu bin bashi suka yi ƙorafi cewa gidan ya taɓa yi wa kamfanin aiki kafin ya karye. Mai binciken da kotu ta naɗa ya ba da rahoto cikin 2024 cewa bai sami shaidar gidan yana da masaniya kan zambar da aka tafka ba.

ABIN LURA

Ba a yi wannan waiwaye don a shafa wa lauyoyi kashin kaji ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Cromwell ya ci ladan Faransawa ya kuwa yi musu aski mai kyau, ba wanda ya ɗauke shi ya kare Kolombiya ko Panama. Abin da tarihin ya nuna shi ne, a duk teburin da aka yi babban ciniki akwai ɓangaren da ya zo da mutanen da suka kwana suna auna kowace kalma, akwai kuma ɓangaren da ya zo a makare, ko ya aiko wanda zuciyarsa ke wani wuri. Na biyun shi ke biya, shi da 'ya'yansa da jikokinsa.

Nijeriya ma ta ɗanɗana, ko da yake wannan labari ne na wasu lauyoyi dabam. Cikin 2010 aka sa hannu a kan kwangilar sarrafa iskar gas a Kalaba da wani ƙaramin kamfani mai suna P&ID. Ba a aza ko tubali ɗaya ba, amma cikin 2017 masu sulhu a Landan suka yanke cewa Nijeriya ta biya Dala miliyan 6,600, wanda da kuɗin ruwa ya doshi miliyan 11,000. Sai cikin watan Oktoba na 2023 wata babbar kotu a Landan ta soke hukuncin, bayan ta gamsu cewa an yi amfani da cin hanci da zamba. Da kyar aka sha, bayan shekaru ana shari'a da kashe maƙudan kuɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon kuwa ya tsage ne tun ranar da aka rubuta takardar.

Saboda haka ya kamata duk jami'in da aka miƙa wa alƙalami ya sa hannu a madadin jama'a, ko kan rance ne, ko kan ma'adinai, ko kan tashar jiragen ruwa, ya dakata ya tambayi kansa abu uku. Wane ne ya rubuta wannan takarda? Wane ne ya biya shi? Dokar wace ƙasa za a bi ranar da aka sami saɓani? Ya kamata kuma gwamnatoci su horar da lauyoyinsu na gida a wannan fanni, su biya su albashin da zai hana su waige, su kuma bari wakilan jama'a su ga manyan yarjejeniyoyi kafin tawada ta bushe. Tun ran gini, tun ran zane. Allah Ya ba shugabanni ikon lura.